Duniyar da Kofur Ya Ƙi Ƙonawa

Bana shekara goma sha biyu ke nan da rasuwar maigidana. Ni ban yi karatu ba. Jikata Saudatu ce ke riƙe da biro, ina faɗa tana rubutawa, in kuka ya ci ƙarfina ta jira ni. Har yau ba na iya maganarsa ido a bushe. Ba zan kama sunansa ba. A Nasarawan Doya Kofur ake ce masa, don ya yi soja lokacin yaƙin basasa, tun kafin a ɗaura mana aure.

Daga soja ya dawo da Turanci, da wani littafi mai kauri wanda bangonsa ya yage. Labarin yaƙi ne can tsakanin taurari, mutanen wata duniya da na wata, cikin jirage da kowannensu ya fi birnin Zariya girma.

Da rani, in ana matse rake ana dafa mazarƙwaila, maza kan zauna jiran ruwan raken ya yi kauri. A nan yake buɗe littafin, ya karanta a zuci, ya juya musu da Hausa. Amma ni ke fara ji. Da hantsi ina tankaɗe, sai ya zauna a bakin ɗaki ya gwada a kaina. In na ce ban gane ba, ya sake salo. Ni na hana shi cewa kwamanda, na ce ya ce Sarkin Yaƙi, kuma haka sunan ya zauna.

Gardama kuwa ba a magana. Wani ya ce ƙarya ce tsagwaronta, washegari shi ke fara zuwa. Wani ya dage sai an gaya masa ina suke fuskanta in za su yi salla a can sama. Amininsa Buba, Bafulatanin da rugarsu ke bayan gari, shi damuwarsa ɗaya ce: mutanen da ba su da saniya ko ɗaya, a kan me suke kashe juna? Kofur kan dawo gida yana dariya yana kwaikwayon muryoyinsu.

Ga yadda ya ƙare mana labarin. Sarkin Yaƙi ya kewaye duniyar abokan gaba, yana riƙe da makamin da zai mayar da ita toka. Sai ya leƙa ƙasa ta madubin jirgi, ya ga mutane na girbi, mata na sheƙa. Ya ce a juya jirage. Da ya koma gida aka tuɓe masa muƙami, ya mutu talaka. Ranar da Kofur ya faɗi wannan, an ce har tukunya ɗaya ta ƙone don ba wanda ya tuna da ita. Shekaru bayan haka, in wani ya samu galaba a rikicin gona ko ɓarnar shanu, sai ka ji dattawa na ce masa, "To, juya jiragenka haka nan."

Da daminar bara Saudatu, wadda ke koyarwa a sakandare a Makarfi, ta tsinci littafin a akwatin babanta, ta karance shi. Ta zo ta zauna kusa da ni tana ta juya baki.

"Inna, ba haka labarin ya ƙare ba fa."

"Ke da aka haifa jiya za ki gaya mini?"

"Wallahi Sarkin Yaƙi ya ƙona su, Inna. Duka. Har lambar yabo aka ba shi."

Ta buɗe waya ta karanto mini abin da masu karatu daga ƙasashe ke cewa. Wasu sun ce ba a taɓa rubuta kamarsa ba. Wasu sun ce ya tsufa, mata a ciki ba sa ko buɗe baki. Wannan kam na yarda da su, na lura tun da daɗewa. Da yawa kuma sun ce ƙonawar dole ce, in ba haka ba yaƙin ba zai ƙare ba.

Abin ya yi mini ciwo ƙwarai. Mutumin da ko a cinikin akuya ba ya ɓoye aibinta, a ce ya dube ni ya faɗa mini abin da babu? Ko kuwa mutane su ce Turancin ne bai iya ba? Na daɗe ina juya abin. Sai na tuna cewa da ya kusa ƙarshen littafin ya ajiye shi kwana da kwanaki, yana cewa idonsa ke ciwo. A cikin kwanakin ne, muna cin tuwo, ya faɗi magana ɗaya tak da na taɓa ji daga bakinsa game da nasa yaƙin. Ya ce sun shiga wani ƙauye sun tarar da rumbunan doya na ci da wuta, wata tsohuwa na ƙoƙarin ciro doyar da hannu. Bai ce wa ya sa wutar ba, ban kuma tambaya ba. Ya ture kwanon ya tashi.

Da yana raye yau, na san zai so wannan gardama ta cikin waya, zai kwana biyu bai gaji ba. Amma masu cewa ƙonawa dole ce, zai tambaye su a hankali ko sun taɓa jin warin rumbu na ci. Da kuma ya ji labarin ƙauyukan da ake ƙonawa yanzu a ƙasarmu, ban san ko zuciyarsa za ta ɗauka ba.

Saura Buba. Shi kaɗai ya rage cikin masu sauraro, idonsa ma ya tafi. Saudatu ta ce a bar tsoho da abin da ya sani. Na ce a'a, ba zan bari ya ji a bakin wani ba, ya mutu yana ganin amininsa maƙaryaci. Muka hau mashin har ruga. Bayan mun gama gaisuwa na faɗa masa komai.

"Malama," ya ce da Saudatu, "shi mai rubuta littafin nan, ya je yaƙi?"

"Ban sani ba, Baffa."

"To Kofur ya je. Ki duba da kyau, littafin ne ya yi kuskure."

Na yi dariya, na yi kuka, duk a zama ɗaya.

Bai bar mana dukiya ba, gonar ma an raba. Amma na auri mutumin da aka miƙa wa duniya guda a ce ya ƙona, ko da a baki ne, ya ƙi. Saudatu ta ce za ta karanta wa ɗalibanta labarin, ta tambaye ni wane ƙarshe za ta ba su. Na ce ta ba su na littafin, don kada a ce mun ɓoye. Sannan ta ba su na kakanta, ta kuma gaya musu wanene shi. Allah ya jiƙanka, Malam, ya sa ka huta.