Zaren Shuni a Cikin Tiyo

Tarin famfo ne ya fara komai, kuma har in koma ga Mahaliccina ba na jin ranar za ta fita daga raina. Wata Asabar ce da hantsi, a shekarar da sojoji suka miƙa mulki ga farar hula. Ina zaune ina tsintar shinkafa sai na ji famfon tsakar gidanmu ya yi kuf, kuf, kamar tsoho mai mura. Mun daɗe rabonmu da ko ɗigo, sai ruwan 'yan garuwa.

"Ya zo! Ruwan farar hula ya zo!" in ji surukata Hajiya daga ƙofar ɗakinta, ta fito da takalmi ƙafa ɗaya.

Wanda bai zauna a cikin birni ba da wuya ya gane. Idan famfo ya kawo, har butar alwala sai an tara masa. A murɗe shi har ƙarshe, domin babu wanda ya san lokacin da zai ɗauke. Mun cika babban daro ke nan muka ja shi gefe, sai 'yata ta fari ta fito da gudu, riƙe da farin tiyo irin na magina wanda ake ganin cikinsa, da sirinji, da ƙaramar kwalbar ruwan shuni da kawunta ya ɗebo mata a marinar Ƙofar Mata.

Tana aji huɗu na sakandare a lokacin, ajin kimiyya, kuma ta faɗi gwajin Fiziks a kan yadda ruwa yake tafiya. Malaminsu ya ba ta dama ta ƙarshe: ranar Litinin ta zo ta nuna wa 'yan aji abin a aikace, in ta kasa a cire ta daga ajin. Kwana biyar tana ajiye da kayan nan, domin Hajiya ta rantse ba za a yi wasa da ruwan saye a gidanta ba.

Ta cusa tiyon a bakin famfo, ta soka allurar a jikinsa ta danna shunin. Ai kuwa famfon ya yi wata atishawa, tiyon ya fizge, shuɗin ruwa ya wanke wa Hajiya farin zanenta.

"La'ilaha illallahu! Ke ja'ira, rini kika zo yi da ni? Malamin naku ya zo ya biya ni zanena!"

Yarinyar ta sake gwadawa, sau uku. Kowane karo shunin na shiga sai ya dagule, tiyon ya koma shuɗi gaba ɗaya. Na ga idonta ya ciko. Ni kuma da yake ita ce 'yata ta fari, a gaban uwar mijina ko kallon kirki ban saba yi mata ba, haka aka tarbiyyantar da mu. Sai na juya wajen randa, kamar da ita nake magana, na ce, "Wai shi littafin me ya ce?"

Ta share hanci ta ce tafiyar ruwa iri-iri ce. Akwai ta natsuwa, inda kowane sashe na ruwan yake bin layinsa, ba ya kutsawa cikin na kusa da shi. Akwai ta hargitsi, inda komai yake cakuɗewa. Akwai kuma gudun da yake nan daram yadda ka bar shi, da wanda yake sauyawa yanzu-yanzu. Ita layin nan take so a gani da ido.

Wallahi sai na ji kamar an buɗe mini taga. Ni ma na yi sakandare, amma ba a aji na san wannan ba. Idan ina ɗura man gyaɗa a kwalba a hankali, yakan sauko siriri sumul, sai ka ce a tsaye yake. In na gaggauta, ya karye ya fantsama. Hayaƙin turaren wuta ma haka yake, ya miƙe zar daga kasko, sai can sama ya tarwatse.

Ban san lokacin da na ajiye kunya ba. Na ce, "Famfon nan shi kansa bai natsu ba, yaya zai natsar miki da shuni? Kama mini daron can."

Hajiya ta dafe ƙirji. "Daron da muka cika? Yau na ga uwa da 'ya sun haukace rana ɗaya."

Muka ɗora shi a kan dakali, muka bar ruwan ya kwanta ɗif. Na tsoma kan tiyon a ciki, na zuƙi ɗaya kan da baki yadda direbobi suke jawo fetur, ruwa ya biyo. Sai na matse bakin da yatsu biyu, ya rage fita kaɗan-kaɗan. Na ce, "Bismillah, danna. A hankali, kamar kina ɗiga wa jariri magani."

Ta danna. Sai ga wani siririn zare shuɗi ya fito daga tsinin allurar, ya miƙe a tsakiyar ruwan, ya bi tiyon tun daga sama har hannuna bai yaɗu ba. Ruwa garau ta kowane gefe, shi kuma a tsakiya kamar an ja shi da alƙalami. Na ce Allahu Akbar da ƙarfi.

"Umma, saki kaɗan!" Na sassauta yatsuna. Zaren ya fara rawa, yana lanƙwasa kamar macijiya. "Saki duka!" Na saki, nan take ya tsinke ya zama gajimare. Ta daka tsalle tana ihu, ni ma ina ihu, da ɗankwalina a ƙasa.

Hajiya ta matso tana gyara tabarau. "Ku sake in gani. Ba na son sihiri."

Muka sake. Karo na uku ita da kanta ta karɓe bakin tiyon, tana matsewa tana saki, tana ce wa zaren, "Miƙe! To, watse!" kamar mai ba sojoji umarni. Yarinyar ce ta lura cewa idan an matse, ruwan yana tsartuwa da ƙarfi a baki alhali a ciki tafiyar hawainiya yake. Ta ce duk abin da ya shigo dole ya fita, don haka inda hanya ta ƙuntata sai ya ƙara sauri. Ta nuna mana bakin rariya, inda shuɗin ruwan yake kewaya kansa kafin ya shige, ta ce wannan ma wata tafiya ce mai sunanta. Abin da ta kwana biyar tana haddacewa yana zamewa, ga shi yana fita daga bakinta kamar hira.

Muna cikin haka famfo ya ɗauke. Babu wanda ya tuna da randa, ko rabi ba ta kai ba. Hajiya ta leƙa cikinta, ta dube mu, ta ce, "To, 'yan kimiyya, sai ku sha shuni."

Ranar Litinin na kasa zama. Na yi sallar walaha, na share tsakar gida sau biyu, tuwona ya yi gudaji. Abin da nake ta juyawa a raina, wanda har yau nake riƙe da shi, shi ne ashe Allah ya shimfiɗa ilimi a madafa da bakin rariya, muna taka shi kullum muna cewa mu ba mu san boko ba. Kuma kunyar da za ta hana uwa miƙa wa 'yarta hannu a ranar da take nutsewa, gara a ajiye ta.

Bayan azahar na ji gudunta tun daga zaure. Ta faɗo jikina a gaban Hajiya, hannayenta shuɗi har wuyan hannu, tana haki.

"Umma, an bar ni a ajin! Malam ya sa na yi sau huɗu, har shugabar makaranta aka kira. Ya ce wa ya nuna mini dabarar daro, na ce ke ce. Ya ce a wace makaranta kike koyarwa, na ce a tsakar gidanmu."