Kajijin Inna

Duk macen da ta rasu a unguwarmu a Katagum, Inna, mahaifiyarmu, ake kira ta yi mata wanka. Ba ta zuwa hannu Rabbana. Takan tafi da kajiji, saiwar nan mai ƙamshi da ake haƙowa a fadama, ta daka ta barbaɗa a garwashi, ta kifa kwando, ta shimfiɗa likkafani a kai har ya sha hayaƙi. Ba ta taɓa cewa wajibi ne ba. Cewa take yi, wanda zai je gaban Ubangijinsa ai a gyara shi.

Nata ta ware tun da sauran ƙarfinta, ta ƙulle a tsumma ta jefa a kwalla a ƙarƙashin gado. Ni ta nuna wa, ta ce kada in bari a naɗe ta ba a turara da shi ba. Na ce to.

Ranar da ta cika ina gidana a Azare. Na iso da hantsi, na wuce kai tsaye na buɗe kwallar: wayam. Matar yayana ta ce ai da damina sauro ya dame su, sai suka ƙona. Abin da tsohuwa ta tanadar wa likkafaninta, wai shi aka kori sauro da shi! Ba don gawa na ɗakin ba, da unguwa ta ji mu.

Na sami Yaya a zaure na roƙe shi a ɗan dakata. Sai ya zaro kwalbar turaren fesawa daga aljihu, wai duk ƙamshi ƙamshi ne.

"Yaya, ba ƙamshi ta ce ba, kajiji ta ce."

"Gawa ba ta jira. In za ki nemo, yi sauri."

Na zari mayafi na bi gida-gida, gidajen da Inna ta yi wa iyayensu sutura. Wannan ta ce ya ƙare, waccan ta miƙo mini humra. Da ƙyar wata tsohuwa a bayan kasuwa ta zuba mini cikin tafin hannu.

Ina shawo kwanar layinmu na hango tabarmi a ƙofar gida, ba kowa a kai. Sun tafi da ita.

Ban ga laifin gaggawar ba, haka addini ya koyar. Amma haushin nan har yau bai sake ni ba. Na shiga ɗakinta na zuba kajijin a garwashi, na kifa kwandonta. Hayaƙi ya yi ta tashi, ni kuwa ba abin da zan shimfiɗa a kai.