Mama Ta Kawo Min Matsarmamar Akuya

'Yan zumunta, ku zo ku ji, yau an kawo min sabuwar matsarmama a leda!

Kun san kwanan nan aka cire min tawa a asibiti. Likita ya ce in rage mai, in riƙa ci kaɗan-kaɗan. Ina zaune ina shan faten acca, sai ga uwar mijina ta sauka daga mashin, tun daga Kwoi. Ko zama ba ta yi ba ta kwance leda. Matsarmamar akuya ce, ɗanya!

Ta ce, "Haɗiye, 'yata. Abin da suka cire sai an mayar, in ba haka ba ke da nama har abada."

Na ce, "Mama, ki yi haƙuri, ba zan haɗiye ba. Jiya ma na ci gasasshen kifi, lafiya lau."

Ta ce dole. Na ce ko dangi duka za ta tara, bakina a rufe yake. Mijina ya sulale waje!

Sai ta fusata: "Ni da nake shanta tun damina saboda ciwon ƙasan haƙarƙari, na mutu ne?"

Na ce, "Wane ɓangare, Mama?" Ta dafa dama. Ya Yesu! Daidai inda nawa ya fara!

Na ɗaura zane, na kama hannunta. Yanzu haka muna cikin keke, hanyar asibiti. Tana ta faɗa wai a sauke ta, ni kuwa na riƙe bakin zanenta gam.