Kumfa Ɗaya a Cikin Duro

Sannu-Sannu ake kiransa, kuma ba zagi ba ne. Ya fi shekara ashirin yana sassaƙar ƙarfe a ɗan shagon da ke bayan garejin yayansa, ba wanda ya taɓa ganin ya ɗaga ƙafa don aiki na jiransa. In ka kawo masa abu ka ce gobe kake so, sai ya miƙo maka kayanka ya nuna maka hanya. Matarsa kan ce ko gobara ce ta tashi, sai mijinta ya auna faɗin ƙofa kafin ya fita.

Abin da ya fito da shi wani irin injin mota ne da ba shi da fistin ko ɗaya. Wani ƙarfe mai kusurwa uku ne ke juyawa a cikin gida na alminiyam, wanda cikinsa ke da siffar gyaɗa mai 'ya'ya biyu. Masu tseren mota na son injin nan kamar me, sai dai sun ce ba ya shaƙar iska yadda suke so. Don haka sukan kawo wa Sannu-Sannu gidajen, ya huda kowanne daga gefe har ciki, ya cusa bututu, iska da mai su riƙa faɗawa kai tsaye. Wahalar ita ce hudar tana ratsa hanyar da ruwan sanyaya inji ke bi. Dole a liƙe bututun da gam mai ƙarfi, a bar shi kwana uku ya bushe, sannan a goge bakinsa har farce ya wuce bai ji komai ba. In aka bar kafa ko ta gashi ce, ruwa zai shiga inda wuta take, inji ya mutu.

Shi ya sa yake da duro. Wani tsohon duro ne shuɗi da aka yanke rabi, kullum cike da ruwa. In ya gama gida, sai ya toshe duk hanyoyin ruwansa, ya buga masa iska da famfo, ya nutsa shi, ya jawo kujera. Yakan zauna har ya shanye kofin shayi, idonsa a kan ruwan. In kumfa ba ta taso ba, aiki ya yi. Ko Yaya, wanda shi ya koya masa riƙe sufana tun yana tsallake makaranta, bai isa ya ɗauki gida daga shagon nan ba sai ya shiga duro.

Rabon aikinsu a fili yake. Ƙani ya huda, Yaya ya haɗa injin. Haɗawar ma ba wasa ba ce, domin akwai wasu siraran robobi masu zagaye kowane gida suna tare ruwa, in guda ta zame daga gurbinta aka danne ta, an yi aikin banza. Yaya ya haɗa irin injin nan ya fi a ƙirga. A ƙarshe-ƙarshen nan dai tabaraunsa sun yi kauri, yakan kai abu kusa da hanci kafin ya gane shi, 'ya'yansa kuma sun fara yi masa maganar hutu.

Akwai wani likitan haƙori da ke kawo musu aiki, mutum mai fara'a da yawan magana, wanda duk mako yake cire haƙoran jama'a yana mafarkin filin tsere. Ranar da za a gwada gidajensa biyu, saura kwana biyu a yi gasar da ya shekara yana jira, ya zo da abokansa uku su ga gwani. Gidan farko ya fito lafiya. Aka nutsa na biyu.

"Kun ga mutumin nan?" in ji Likita, ya dafa kafaɗar Sannu-Sannu. "Bai taɓa maimaita aiki ba. Sau ɗaya yake yi, shi ke nan. Ko ba haka ba, Malam?"

"Haka Allah ya so," in ji shi, kansa na daɗa girma.

A daidai nan ya gan ta. Wata 'yar kumfa ta fito daga gindin bututun, ta hau sama a hankali, ta fashe. Ya ƙirga a ransa har ashirin, wata ta biyo bayanta. Ya san abin da take nufi, ya fi kowa a duniya sani. Sai an ciro bututun, a kankare gam, a sake liƙewa, a jira kwana uku, gasa kuwa jibi ce. Ga kuma hannun Likita a kafaɗarsa, ga baƙi uku sun zuba masa ido.

Sai ya tsoma hannu cikin duron ya motsa ruwan, kamar mai duba ko akwai datti. Kumfa ta tashi ko'ina. Ya ciro gidan yana ɗiga, ya ce, "Ya yi." Shayinsa ko rabi bai kai ba.

Ranar gasa motar ta yi zagaye huɗu tana ihu, a na biyar farin hayaƙi ya turnuƙe bayanta, ta tsaya a gefen hanya. Likita bai yi faɗa ba, ya dai ɗauki injin ya kai wani gareji aka buɗe. Zafi ya riga ya dafa robobin, ba a gane komai a jikinsu. Amma wa zai zargi mutumin da ke da duro? Magana ta tsaya a kan tsoho mai kaurin tabarau ya danne roba bai gani ba. Sannu-Sannu yana tsaye aka faɗi haka, bai ce e ba, bai ce a'a ba, ya ci gaba da goge hannunsa da tsumma.

Da a ce Yaya ya yi gardama, da abin ya zo masa da sauƙi. Bai yi ba. Washegari da safe ya shigo shagon ɗauke da akwatin kayan aikinsa, ya ajiye a kan benci.

"Ƙanena, ka yafe mini," in ji shi. "Ka yi aikinka tsaf, na ɓata maka. Idon nan ya gama. Ka riƙe waɗannan, kai za su yi wa amfani."

"Haba Yaya, tsautsayi ne."

"Tsautsayi ba ya zuwa wa mai gani. Gara in tafi da ƙafata."

Ya tafi kuwa. Aka ba wani hayar garejin. Yaya ya koma zama a ƙofar gida yana gyara wa jikoki keke, ya rame, ya daina tsokanar mutane. In ƙaninsa ya je gaishe shi, sai ya tambayi aiki da ɗoki, har ya ce wa maƙwabta, "Wannan ai shi ya gaji hannun, ni ragowa ne."

Sannu-Sannu bai fasa aiki ba, sunansa ma ƙaruwa ya yi. Sai dai yanzu kofi biyu yake sha a gaban duro, wani lokaci uku, duk da haka ba ya yarda da idonsa. Akwatin Yaya yana nan inda aka ajiye shi, bai taɓa buɗewa ba. Gidan da ya yi yoyo kuwa, da aka dawo da shi cikin tarkace, ya nannaɗe shi a buhu ya tura ƙarƙashin benci, kullum ƙafarsa na taɓa shi. Kunya ce ke cinsa, kuma ya san sunanta. Matarsa ta tambaye shi me ya hana shi cin abinci, ya ce ciki ne. Ta ce to wannan cikin ya kusa shekara biyu, ya kamata a haife shi.

Wata ranar hutu da hantsi ya ɗora duron a bayan mota, da famfo, da buhun. Ya tarar da Yaya a ƙofar gida yana fama da sarƙar keke.

"Yau kuma duro aka kawo mini ziyara?" in ji Yaya.

Sannu-Sannu ya sauke kayan. Ya cika duron da bokiti, ya toshe gidan, ya buga iska, ya nutsa shi. Ya jawo wa Yaya kujera kusa, shi kuma ya tsaya, ya harɗe hannuwansa biyu a baya don kada su yi abin da suka taɓa yi.

"Na Likita ne, Yaya. Na biyun. Duba gindin bututun."

Ruwa ya kwanta. Yaya ya gyara tabarau ya sunkuya. Kumfar ta fito, ta hau sama, ta fashe. Wata ta biyo.

"Ran nan ma na gan ta," in ji Sannu-Sannu. "Na gan ta sau biyu, na sa hannu na motsa ruwan. Robarka lafiyarta ƙalau."

Yaya bai ɗago ba. Ya daɗe yana kallon ruwan, har sai da ta uku ta taso, ya nuna ta da yatsa tun tana ƙasa, tun kafin ƙaninsa ya lura da ita.

"Ga wata nan," in ji shi a hankali. "Ƙarama ce ƙwarai, amma na gan ta."

Ya cire tabaraun ya juya su a hannunsa.

"Shekara biyu ina fushi da idanun nan," in ji shi. "Ashe ba su yi mini komai ba."