Saiwoyi Bakwai na Iya Fumie

Ranar Talata, tara ga watan Yuli, Iya Kurata Fumie ta rasu a asibiti tana da shekara tamanin da ɗaya. Shekara talatin muna maƙwabtaka, kuma da fushi nake wannan rubutu.

Iya, duk ƙauyen nan furen airis na ruwa ake nomawa a bakin gonakin shinkafa. Ke kaɗai kika riƙe airis mai gemu, irin na ƙasar waje mai ɗan gashi a jikin furensa, wanda ba ya son laima. Ke kika koya mini dasa shi: saiwar mai kama da citta a bar bayanta a waje, rana ta gasa ta. Ranar da na rufe wata da ƙasa kika buge mini hannu kika ce, "Gawa ce da za ki binne ta?" Da yamma kika aiko mini da wainar shinkafa.

Shekara goma sha tara kina haɗa furanni aure, kina ɗibar garin furen wannan ki shafa wa wancan, har kika sami mai launin shayi da jan gemu. Saiwa bakwai kawai ya yi. Nufinki ki sa masa sunan mijinki marigayi, Genzo. Sau uku kina kai shi bajekolin ƙungiyar furanni, shugabanta Oshima yana cewa babu ajin furen baƙi.

Da kika kwanta asibiti, sai ga Oshima da mutanensa a lambunki, wai sun zo taimako. Ba su tambayi kowa ba. Suka ga saiwoyi a fili, tausayi ya kama su, suka lulluɓe su da taki, suka jawo musu ruwa daga gona kamar yadda suke yi wa nasu. Bayan kwanaki na dawo daga tafiya na tarar da warin ruɓa. Na yi ta tono da hannu. Shida sun zama kunu.

Kullum kina tambayar ɗanki Shinji labarin saiwoyin, yana ce miki suna nan lafiya. Ni ma haka na ce miki, kuma ƙaryar nan tana ci na.

Wajen jana'iza Oshima ya rusuna mini ya ce, "Baiwar Allah, an ce ɗaya ta tsira. Kawo ta ƙungiya ta yi renonta, mu sa mata sunan ƙauye."

Na ce, "Ranka ya daɗe, an buɗe ajin baƙin ne yanzu?"

Allah Ya ji ƙanki, Iya, Ya haskaka makwancinki. Shinji da 'yan'uwansa, Allah Ya ba ku haƙuri. Saiwa ta bakwai tana kan tudun bayan gidana, bayanta a rana, na kafa mata katako mai sunan Genzo. Shugaba da jama'arsa, kada wanda ya sake taimaka mana.