Ƙafar Hagun Abdulgani

Abdulgani bai taɓa ganin dusar ƙanƙara tana zuba ba, amma da wasan ƙanƙara yake cin abinci. Ɗan Fagge ne, dogo, tsohon ɗan ƙwallon unguwa. Sarin wandon jins ya kawo shi Guangzhou, kasuwa ta ƙi, ya zauna. Ɗakinmu ɗaya a unguwar Xiaobei. Ni ina haɗa wa mutane kaya zuwa Kano, shi kuma wani ƙaramin kamfani a garin Xintang ya ɗauke shi aikin gwaji. Matsattsen wando suke ɗinkawa, su liƙa masa 'yan na'urori kamar maɓallai a gwiwa da idon sawu, su sayar wa masu tseren zamiya a kan ƙanƙara. Shi zai sa wandon, ya hau bel ɗin injin motsa jiki mai gudu, sanye da takalma masu taya, riƙe da sanduna biyu, kwamfuta tana zana yadda kowace ƙafa take turawa. Kullum sai na yi masa tsiya a kan aikin nan.

Ran nan ya dawo jiki a sanyaye. Wai a kwamfuta layin ƙafarsa ta hagu yana makara a bayan na dama. Lawban, maigidansu, ya ce na'urar ce ta lalace, aka canza wando. Bai canza zani ba. Aka sa wani ɗan China ya hau da wandon, layukan suka tafi tare.

"Gajiya ce," na ce. "Kai ma ka cika tsoro."

"Shitu, haka Baba ya fara. Ɗan jan ƙafa. Daga nan ɓarin jikinsa ya shanye."

Sai na rufe shi da faɗa, don ban san me zan ce ba. Na ce laifin bel ne, laifin sandunan banzan nan ne.

Washegari ya zura jallabiya a kan wandon ya yi azahar a wani lungu na kamfanin, ya manta na'urorin a kunne suke. Injiniyarsu ta kira shi, ta tambaye shi wane motsa jiki ne wannan. Ta nuna masa allon: duk tasowa daga sujada, dama ce kaɗai take ɗaga shi, hagu tana biyowa kawai. A nan kuwa babu bel, babu sanda. Ta ce ya tafi asibiti yau, ba gobe ba.

Ni na raka shi. A matakalar tashar jirgin ƙasa ya dage sai ya nuna min lafiyarsa ƙalau, yana sauka da sauri har yana dariya. Sai ga wata tsohuwa ta biyo mu tana kira, riƙe da silifa ɗaya. Muka dubi ƙasa. Ƙafarsa ta hagu ba takalmi, tun daga saman matakala, kuma bai sani ba.

Ya damƙi hannuna.

"Shitu, taka min ƙafar nan."

Na taka da ƙarfi, har na ji tausayinsa.

Yana kallon fuskata ya ce, "Haba Shitu, ka taka mana."