Jeren Inna a Ɗakin Yaya

Shekarar da muka baro ƙauyenmu na gefen Ruma, ɗakin yayana muka sauka a cikin Batsari, ni da Inna da 'yata, lokacin ba ta daɗe da fara tafiya ba. Maigidana ya wuce Safana wajen kawunsa yana taya su noma. Yawancin waɗanda muka fito tare firamare suka sauka, gidaje da yawa a aji ɗaya, zani ne katanga. Na je na gani da idona. Mu kuwa mun samu ɗaki mai ƙyaure da sakata, har da famfo a tsakar gida.

Yaya a sakatariya ya yi aiki kafin ya samu wani a Abuja. A can raɓe yake wajen abokinsa, shi ya sa bai kwashe kayansa ba. Ranar da ya kawo mana makulli ya ja ni gefe ya nuna mini kanta a jikin bango. Kwalaye ne a jere, kowanne da tagar leda a gaba, a ciki kuma 'yan tsana na roba mai tauri. Ban taɓa ganin irinsu ba. Akwai mai kan kyanwa da hular 'yan acaɓa, akwai wani fari fat da ba a yi masa baki ba, akwai mai dogayen kunnuwa da haƙora a waje. Ya ce ba na wasan yara ba ne. Masu zane ne a ƙasashen waje ke ƙera su, su yi kaɗan su daina, kowanne da lambarsa da sa hannun mai shi a jikin kwalin. Ɗaya bayan ɗaya ya tara su, tun farkon kama aikinsa. Ya ce kwalin da abin cikinsa tare suke tafiya, in an buɗe an rage masa daraja.

"Komai na ɗakin nan naku ne," ya ce. "Wannan kaɗai, don Allah."

Ni ya gaya wa, don shi ne ɗan fari. Inna ko sunansa ba ta faɗa, in suna magana bango take kallo. Da ya tafi na ce mata Yaya ya ce kada a taɓa kantar nan. Ta ce to, ai yaro sai da sa ido.

Watannin nan ba na jin komai sosai. A zo a ce wane na garinmu ya rasu, in yi salati da baki, in ci gaba da tsince shinkafa. Kantar nan ce kawai ke sa gabana faɗuwa. Yarinyar ta gano su, sai ta tsaya a ƙasa tana miƙa hannu tana ce musu kyanwa, dukkansu. Na janye gado daga wajen. Ko tuwo nake tuƙawa ido ɗaya na bakin ƙofa. A raina, ranar da kwali ɗaya ya faɗo, ranar za mu koma firamare.

Inna kuma zama take ta zuba musu ido. Ta baro jerenta a ƙauye, kwalla da tasoshi na tun aurenta, waɗanda ba a taɓa zuba abinci a ciki ba. Duk Sallah sai ta sauke su ta wanke ta mayar. Wani lokaci ta ce ƙura ta yi wa kayan mutumin nan yawa. In ce mata haka ya bar su.

Ana saura kwanaki babbar Sallah aka aiko maigidana na kwance da zazzaɓi. Na goya yarinyar muka hau mota zuwa Safana, hankalina kwance don mai ɓarnar na bayana. Da ya samu sauƙi muka dawo.

Tun daga ƙofa na ga kantar na ƙyalli. Inna ta fito da su duka, ta wanke da omo da soso, har jan kumatun wani ya koɗe. Ta shimfiɗa farin ƙyalle ta jera su daga dogo zuwa gajere. Masu idanu ta juya su suna kallon bango, saboda a nan take sallah. Kwalayen ta farke su ta shimfiɗa a ƙarƙashin tabarma don sanyin siminti, ta toshe inda taga ke shigo da feshin ruwa da wasu, sauran sun tafi wajen hura wuta.

Tana zaune a miƙe kamar yadda take zama a gida, rabon da in ganta haka tun kafin mu fito.

"Namiji bai san jere ba," ta ce. "Wa ke jere a cikin kwali?"

Na sauke yarinyar na ba ta ruwa.

Yaya ya iso ranar jajiberi. Ya durƙusa a bakin ƙofa yana gaishe da Inna, sai idonsa ya kai kantar. Bai katse gaisuwar ba. Ya tambayi jikinta, ya tambayi ruwa, ya tambayi mutanen garinmu gida gida. Sannan ya ɗaga gefen tabarmar da yake kai, ya duba, ya mayar.

Inna na kallon bango ta ce a gaya masa ƙura ta kusa cinye su.

"An gode, Inna. Allah ya ƙara girma."

Ya fita ya tsaya a bakin famfo yana wanke hannu, ya daɗe yana wankewa. Na bi shi. Na ce in tashi za mu yi ya faɗa mini tun da sauran rana, in je in nemi wuri a firamare. Ya kashe famfon ya ce wa ya ce mu tashi, uwarsa zai kora don roba? Har ya juya zai tafi, sai ya tsaya.

"Ke na gaya wa," ya ce.

Washegari bayan an sauko Idi ya nannaɗe su cikin rigunansa ɗaya ɗaya ya cusa a jaka. Bai jira an yanka rago a gidan ba. Ya ajiye mini makullinsa a kan taga, ya tafi tashar Katsina.

Har yanzu muna ɗakin. Mai gidan bai taɓa yi mana maganar kuɗin haya ba, na san Yaya ke sallamarsa. Ranar Juma'a yakan kira wayata ya ce a ba Inna, su gaisa. In ta miƙo mini sai in tarar ya riga ya kashe. Sallah ta zagayo bai zo ba. Inna ta tambaye ni ko lafiya mutumin nan ba ya leƙo mu, na ce mata aiki ne ya yi masa yawa.